Dusar Ƙanƙara a Bisa Sakaina

Wanda ya fara raɗa wa abin nan suna "dusar ƙanƙara" ya yi wa malaman makaranta rabin aiki, ya bar musu rabi. Ƙanƙara dai mun san ta. Takan biyo hadarin farkon damina jefi-jefi, ta yi ta ƙwanƙwasa kwanon ɗaki, yara su fita da gudu su tsinta su jefa baki. Dusa kuwa babu gidan da ake surfe a rasa ta. Amma in ka haɗa kalmomin biyu ka miƙa wa yaron Filinge, abin da zai zana a zuciyarsa shi ne abincin tumaki mai sanyi. Ba zai ga fili ya yi fari fat har iyakar ganin ido ba, ba zai ji ƙafa tana nutsewa ba, balle ya gane yadda abu mai taushi kamar auduga zai iya cinye wa mutum yatsu.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan yaron Kurfai da ita? Ko a Sahara ma sai a can arewa, wajen garin Ain Sefra na Aljeriya, ta sauka a kan rairayi a 1979, ta kuma a 2016 da 2018, duniya ta yi ta mamaki. Ni ma da na bar ta a littattafan karatun Faransanci, inda take zaune tare da sauran abubuwan da muka haddace ba mu taɓa gani ba, in da ba don darasin tarihi ba. Gaskiyar magana ita ce kakanninmu sun tsaya a cikinta. A unguwarmu, muna yara, akwai wani tsohon soja da ba ya cire takalmi a gaban mutane sai wurin alwala, a nan ne muka ga ƙafarsa ta hagu yatsu uku ne. Ba harsashi ba ne, in ji manya, sanyin ƙasar Nasara ne. Mu da iyakar sanyinmu jaura ce, wadda bargo da wutar kara ke korewa, mun ɗauki zancen almara.

Ba almara ba ce. Rundunar da Faransawa suka kafa a 1857 suka kira ta tirayar na Senegal, ba ƴan Senegal kaɗai ke cikinta ba; an ɗebi samari daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, har da namu. A yaƙin duniya na farko, da sanyi ya kama akan janye su zuwa sansanonin Frejus da Saint-Raphael a kudancin Faransa su yi hunturu. Amma ranar 16 ga Afrilu 1917, a wurin da ake kira Chemin des Dames, an tura su gaba a ƙarƙashin Janar Mangin cikin ruwa da dusar ƙanƙara, hannuwa sun sandare har wasu sun kasa sarrafa bindiga, dubbai suka faɗi cikin ƴan kwanaki. A yaƙi na biyu kuma, bayan sun sauka a gaɓar Provence ranar 15 ga Agusta 1944 sun kora abokan gaba har gabashin Faransa, da sanyi ya shigo sai aka janye baƙaƙen soja daga fagen daga, aka karɓe makamansu da kayan jikinsu aka ba samarin Faransawa. Sanyi aka kafa hujja da shi. Saboda haka wannan farin abu yana cikin tarihinmu sau biyu: ya kashe waɗansu, an kuma fake da shi an hana waɗansu shiga sahun masu nasara. Malamin da zai koyar da wannan da alli da baki kawai, ya san yadda idanun yara ke zamewa zuwa taga.

Hanyar da na samu ta zo ne cikin jakar wani ɗan'uwa da ya yi karatu a Faransa. Ya kawo mini kwalin ƴan sojojin roba marasa fenti, da wata mujalla ta masu sha'awar irin wannan aiki. A can Turai abin ya daɗe. Tun 1824 hafsoshin Furusiya suka karɓi wasan yaƙi na bisa tebur, wanda wani hafsa mai suna Reisswitz ya tsara, suka mai da shi hanyar horo. A 1893 kamfanin Britains na Ingila ya fara zuba sojojin darma masu rami a ciki, suka yi araha, suka shiga gidaje. Marubuci H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasa da su a 1913, shekara guda kafin yaƙin gaske ya ɓarke. Daga 1983, da wasan Warhammer ya fito, abin ya zama kasuwa mai faɗi, manya da furfura suna kwana kan fentin mutum-mutumin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Wasan kansa bai ja ni ba. Abin da ya tsayar da ni a mujallar nan shi ne wasu shafuka da aka keɓe kacokan ga ɗan dandamalin da ake kafa sojan a kai, faifai mai faɗin milimita 25, wato kusan kwabon dala biyar. A kan wannan ɗan wuri suke gina ƙasa: ciyawa, ko duwatsu, ko taɓo, ko dusar ƙanƙara.

Mu ba baƙin ƙera ƙananan siffofi ba ne. Kowane yaron Kurfai ya taɓa zama bakin tabki ya murza yumɓu ya fitar da sa mai tozo, ya soka masa ƙaya a matsayin ƙaho. Waɗanda suka tashi kusa da Tukunus, inda gidan gwajin kiwon shanun Azawak yake, har jan launin sān suke nema. Kafin mu kuma akwai mutanen Bura, a yankin Tera, waɗanda aka gano wurinsu a 1975, Boube Gado ya tona a 1983, aka fito da mahayin doki na yumɓu da ya zama abin alfaharin ƙasa. Sai dai sān yaro a kan ƙasar Allah yake tsayawa, ba ya buƙatar a ƙera masa wata, domin shi da ƙasar ƴan gida ɗaya ne. Sabon abu a wurina shi ne a ce ƙasar ma ƙera ta za a yi, kuma ita ce za ta faɗi inda mutumin yake da halin da yake ciki. Soja ɗaya, fenti ɗaya: ka kafa shi a kan jan rairayi, yana gida, ka kafa shi a kan fari, ya zama baƙo mai jin sanyi.

Dandamalin ban saye shi ba. Sakaina nake yankewa da'ira, in goge bakinta da dutse. Ba ta da nauyi, tana shan gam, kuma babu gidan da za a hana ka ita. Abu na farko da aikin ke koya wa mutum shi ne lissafi. Sojan milimita 28 ne, mutum kuwa ya kai mita ɗaya da santimita 70, ke nan an rage shi kusan sau 60. To duk abin da ka ajiye kusa da ƙafarsa ido zai ninka shi sau 60. Ƙwayar rairayi mai milimita ɗaya ta zama dutse mai cika tafin hannu. Ƙwayar gishiri ta zama bulo. Shi ya sa gishiri ba ya yin dusar ƙanƙara, ban da cewa da damina zai tsotsi raɓa ya narke ya bar tabo. Sukari gayyatar tururuwa ce. Garin alkama da na rogo suna yin kyau mako guda, daga nan su yi rawaya, kyankyasai su ƙarasa. Auduga kuwa, wadda kowa ke fara ambata, hayaƙi take kama, ko gajimare. Ba ta kwanciya a ƙasa da nauyi.

Turawan su garin bikarbonat suke kwaɓawa da farin gam irin na kafinta da ɗigon farin fenti. Da na karanta haka sai na yi dariya ni kaɗai, don bikarbonat ɗan'uwan kanwa ne na jini. Hasali ma yana cikin abubuwan da suka haɗu suka yi ta. Mu kuwa a bakin Dallol Boso muke zaune. Duk wanda ya bi dallol ya gangara kudu, wajen Birnin Gaure, da rani, ya ga inda ƙasa ke fitar da farin ɓawo bayan ruwa ya janye, mata suna kankarewa su tace su dafa. In akwai wurin da Allah ya nuna wa mutanenmu kwatancin fili mai dusar ƙanƙara, to nan ne, kuma da shi nake fara yi wa yara bayani. Amma a kan sakaina kanwa ba ta da alkawari. Ranar farko tana da kyau, har da ɗan walƙiya. Da iskar bazara ta juyo da laima sai ta jiƙe ta dunƙule, in ta bushe ta fito da wani launi na ƙasa-ƙasa, don ba ita kaɗai ba ce, akwai gishiri da ƙasa a jikinta. Ta fi amfani a tukunyar wake.

Abin da ya zauna mini shi ne alli. Guntayen da suka yi ƙanƙanta a riƙe, waɗanda ake sharewa daga gindin allo kowace yamma, su nake tarawa a gwangwani. Wata gwaggona da ta ga ina daka su ta ce, "Kai ɗan nan, in fari kake nema ai ba wannan ba ne alli." Ta shiga ɗaki ta fito da nata na kaɗi, wanda ake yi da ƙonannen ƙashi, mata na dangwala a yatsa in suna murza mazari. Ta yi gaskiya: farinsa ya fi zurfi, kuma garinsa ya fi laushi. Yanzu kashi biyu na makaranta, kashi ɗaya na kaɗi nake haɗawa, in tankaɗe ta cikin tsohon mayafi, don rariya ramukanta sun yi faɗi. In an sami bikarbonat a kanti a ƙara kaɗan, yana ba shi ɗan tsakin da ke kama haske.

Ba a fara wa da fari. Wannan ita ce ƙa'idar da yara suka fi ƙi, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Sai an fara gina ƙasar da dusar za ta sauka a kai: a shafa gam, a barbaɗa rairayi mai laushi, a dasa tsakuwa ɗaya ko biyu da ƴan tsirarun busasshiyar ciyawa, in ya bushe a yi masa fenti baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa. Sannan a kwaɓa allin da gam da ɗigon ruwa har ya yi kaurin kunun da cokali ke tsayawa a ciki. Gam in ya bushe yana komawa garai-garai kamar ruwa, yana kuma tsukewa, don haka dole a sa farin fenti a kwaɓin, kuma a ɗora fiye da yadda ido ke so. Da tsinke ake ɗorawa, ba da burushi ba. Ba a rufe ko'ina. Dusar ƙanƙara iska ce ke kora ta, tana taruwa a bayan dutse da gindin ciyawa, daidai yadda rairayi ke taruwa a gindin sabara. Yaron da ya taɓa kiwo ba sai an faɗa masa wannan sau biyu ba. Tun kwaɓin da ɗanye a barbaɗa busasshen gari a kai, a juya sakainar a karkaɗe. A danna kan ashana a bayan sojan don a ga inda ya tako. A shafa kaɗan a takalminsa da bakin rigarsa, in ba haka ba sai ya zama kamar an sauke shi daga sama.

Saura abubuwa biyu ƙanana. Inuwar dusar ƙanƙara shuɗiya ce, ba toka-toka ba, saboda hasken sararin sama take mayarwa. Ɗan ƙwayar bular wanki a cikin ruwa mai yawa, a ɗiga a kwarin sawun ƙafa, ya isa. Masu wankin manyan riguna sun riga kowa sanin cewa shuɗi kaɗan ne ke sa fari ya yi fari. Na biyu kuma ƙaro. Bai kai gam ƙarfi ba, kuma laima na sassauta shi, amma in aka jiƙa shi aka shafa siriri a gefen da farin ya haɗu da baƙar ƙasa, yana bushewa da sheƙi kamar wurin da ya fara narkewa. Turawa har garin gilashi suke sa wa don walƙiya. Wannan ba zai shiga ajina ba, yara suna hura abu da baki, suna kuma murza ido. Aikin duka da sassafe ake yin sa in lokacin hunturu ne, domin da hantsi kwaɓin na bushewa a kan tsinke kafin ya kai sakaina.

A nan ne na rabu da mujallar. Dusar da ke hotunanta mai tsabta ce, sumul, irin ta katin gaisuwar sabuwar shekara. Ba na jin tana da wuri a ƙarƙashin ƙafar tirayar. Abin da aka tura su ciki a Afrilun 1917 caɓi ne: taɓo da ruwan ƙanƙara a filin da igwa ta riga ta tone. Saboda haka a dandamalinmu baƙi ya fi fari yawa, farin ma mun ɓata gefensa da ruwan ƙasa, ƙafar sojan kuma a nutse take har idon sawu. Wata ɗaliba ta ce, "Mushe, ai mun lalata shi." Na ce ta duba kakin sojan da kwalkwalinsa na ƙarfe, ta gaya mini ko mai zuwa biki ne. Kyau yana da sauƙin yi a wannan aiki, kuma yara suna son sa. Amma in muka tsayar da kakanninsu a kan fari mai sheƙi, mun sake yi musu abin da hotunan talla na zamanin mulkin mallaka suka yi, na baƙin soja mai jar dara yana ta murmushi.

Ban rasa masu suka ba. Wani abokin aikina, mai son tsokana, ya ce ashe Babule ba su ƙare a Kurfai ba. Yana nufin abin da ya taso a nan ƙasar wajen 1925, daga Cikal, a hannun wata mata da ake kira Shibo, lokacin da wasu iskoki da ake ce wa Hauka suka fara hawan mutane suna kwaikwayon kumandan da sojojinsa, har Crocicchia, kumandan na Yamai, ya kulle su. Daga baya ƴan ci-rani suka kai abin Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa a kansu. Ban ji haushin tsokanar ba. Nasara bai kulle mutanen nan don sun yi masa biyayya ba. Ya ga sun zuba masa ido sun karance shi tsaf, wannan ne ya tayar masa da hankali. Kwaikwayo iri biyu ne, akwai na mai sha'awa, akwai na mai nazari.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba a amsa ta da raha. Wani uba ya zo har makaranta ya ce, "Malam, gumaka ake koya wa ƴaƴanmu?" Tambaya ce ta mai tsoron Allah, na kuma karɓe ta a haka. Muka tafi tare wurin wani malamin unguwa. Ya ce maganar sassaƙa siffar mai rai ba ƙarama ba ce, amma malaman fiƙihu sun yi rangwame a kayan wasan yara, suna kafa hujja da ƴan tsanar Nana A'isha, waɗanda a cikinsu har da doki mai fukafukai. Ya shawarce ni kada a ƙawata fuska, kada kuma a ɗora su a wurin girmamawa. Na bi. Sojojinmu ba su da ido ba su da baki, in an gama darasi kuma akwati suke komawa. Ban ga abin da darasin ya rasa ba, tun da a kan dandamalin labarin yake. Duk da haka uban bai bar ɗansa ya taɓa sojan ba. Yaron shi ya zama gwaninmu na ƙasa da duwatsu.

Shi ne ma ya fara tambayar da ta juya aikin. Ya ce tun da an yi wa soja ƙasar Nasara, yaushe za a yi wa Mayaƙi tasa? Yara duka sun san sunan Mayaƙi Namailaya, sun ji labarin yaƙe-yaƙen Kurfayawa a ƙarni na 19, sun san Gado Namailaya ne Faransawa suka ɗora a kan sarautar ƙasar a farkon ƙarni na 20. Mahayi da lifidi babu shi a kwalin Turai, da yumɓu aka yi shi. Da aka zo ƙasar da dokin zai taka sai gardama ta kaure, irin wadda ban taɓa ji a darasin labarin ƙasa ba. Wannan ya ce ja ce, don dutsen da ya yi wa dallol katanga ja ne. Wancan ya ce a cikin kwarin fara ce, a gindin goriba kuma toka-toka. Wata ta ce in da damina ne kada a sa wa gawo ganye. Washegari suka zo da ƙulle-ƙullen ƙasa a leda, kowa daga gonarsu, muka jera a kan tebur muka ƙirga launi bakwai.

A shekarun nan rashin tsaro ya rufe makarantu da yawa a jihar Tilaberi, kuma yaran ƙauyukan arewa sun cika mana azuzuwa. Wasunsu sun ga soja na gaske fiye da yadda ya kamata yaro ya gani. Da su ba na fara wa da tirayar. Sakaina babu kowa a kai nake ba su, in ce su gina mini ƙasar garinsu. Akwai wanda ya shafe mako biyu a kan tasa, ya dasa tsinke uku ya ce shingen garkensu ne, bai yarda a kafa komai a ciki ba.

Ga ƙungiyoyin al'adu da ke son gwadawa, abin da zai ci kuɗi gam ne da fenti kala huɗu ko biyar; sauran duk a tsakar gida suke. Babban abokin gaba ƙura ce. Dusar alli in ta kwana uku a buɗe cikin hazon Janairu, ta koma launin bangon makaranta, kuma ba ta wankuwa, sai dai a sake ɗora sabon kwaɓi. Mu a tsohon gwangwanin biskit muke ajiye namu, an shimfiɗa tsumma a ƙasa, an kuma ɗora shi a kan bulo saboda gara. A bayan kowace sakaina akwai wurin rubutu. Na ce wa yara duk wanda ya tambaya a gida aka gaya masa sunan kakan da ya je yaƙin Faransa, ya zo mu rubuta, da garinsu, da shekarar in an tuna. Cikin sakaina 24 da ke gwangwanin, 9 ne ke da suna zuwa yanzu.